Wa ke ba yawun ƙwaro umarni?

'Yar Jega: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kun ji ni shiru kwana biyu, aikin kammala digiri ne ya sa ni gaba. Amma yau sai na ba ku labari, don murna ta hana ni zama. Sati uku ke nan ina feɗe kyankyasai, sai yau da hantsi Allah ya ba ni sa'a na ciro maɓuɓɓugar yawun guda ɗaya tare da jijiyarta, ba ta tsinke ba.

Sai ka ɗora kyankyason a kan ƙanƙara ya sume, ka kwantar da shi a faranti mai kakin zuma, ka kafe shi da allurai, ka zuba ruwan gishiri har ya rufe shi, sannan ka tsaga ƙirjin da ɗan almakashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A gefen maƙoshinsa, hagu da dama, za ka tarar da wani farin abu dunƙule-dunƙule, kamar ƙwan kifi idan an fasa cikinsa. Kowane ɗan dunƙule yana da 'yar magudanarsa, magudanun su yi ta haɗuwa har su zama bututu guda da ke fita a ƙasan baki. Akwai kuma jakunkuna biyu garai-garai na ajiyar ruwa. Ita jijiyar tana manne da bututun, gashin kai ma ya fi ta kauri. Numfashi na riƙe har na gama.

Anti Nas: Wa'alaikumus salam. Barka ƙanwata, Allah ya sa a gama lafiya. Ke dai kina da zuciya, ni ko ganin kyankyaso ba na so.

Baban Fadama: Allah shi yi albarka ɗiyata. Amma tsaya in tambaya. Ƙwaro har jijiya gare shi? Mu in munka take shi, ruwa-ruwa kurum muka gani na hita cikinai.

Malamin Kimiyya: Alhaji, tambayar nan ta dace, don Hausa ce ta haɗa mana abu uku a suna ɗaya. Hanyar jini jijiya ce, agara jijiya ce, wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Ta ukun ɗiyarmu take nufi. Ƙwaro ba shi da hanyoyin jini irin namu, bututu guda ne a gadon bayansa ke harba jinin, sauran kuwa yana kwance a cikin jiki yana wanke kayan ciki. Shi ne ruwan da kake gani. Amma wayar saƙo yana da ita sosai. Lakarsa ta ciki take bi, ba ta baya ba kamar tamu, kuma ƙulli-ƙulli ce. Ƙullin da ke ƙarƙashin maƙoshi shi ke kula da baki: tauna, lasa, da yawu.

Abu guda da na sha fama da shi wajen fahimtar da yara a aji: wayar ba ta haɗe da naman da take ba umarni. Akwai ɗan tsakani. Kamar ka zo Yauri da saƙo a mota, titi ya ƙare a bakin ruwa, dole ka ba mai kwale-kwale ya ƙetare da shi. To saƙon lantarki idan ya kai ƙarshen jijiya, sai ta fesa wani sinadari, shi ya ƙetare ya sauka a tasharsa. Wannan sinadarin ni ɗan aike nake ce masa.

'Yar Jega: Na gode Malam, ka rage mini aiki. To a kyankyaso 'yan aiken da ke zuwa maɓuɓɓugar yawu manya biyu ne, dofamin da serotonin. Abin da ya sa na zaɓi aikin nan shi ne ba saƙo ɗaya suke kawowa ba. A jami'ar Potsdam ta Jamus an ciro maɓuɓɓugar, aka ɗiga mata dofamin, sai ta zubo da tsinkakken ruwa ba furotin a ciki. Da aka ɗiga serotonin sai yawun ya fito da furotin, wato sinadaran narkar da abinci. A 1996 aka buga wannan.

Dalili kuwa, kowane ɗan dunƙule yana da ƙwayoyin halitta iri biyu. Na gefe aikinsu tura gishiri cikin magudana, ruwa kuma ya bi gishiri. Na tsakiya su ke haɗa furotin su tara shi. Da aka rina jijiyoyin aka duba, sai aka ga zaren dofamin a saman dunƙulen yake shimfiɗe, ya kuma bi magudanun, shi kuwa zaren serotonin yana kutsawa har ciki wurin na tsakiyar. Kowa da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa.

Baban Fadama: Na gane. Awa ban ruwan shinkahwa ke nan. Yaro guda shi tada inji, guda shi watsa taki.

'Yar Jega: Kusan haka Baba, sai dai mai takin shi ma ya iya tada inji. Serotonin yana kawo ruwan da furotin duka, dofamin ne ruwa kaɗai.

Autan Zuru: Yaya, dofamin ɗin nan ba shi ne ake cewa yana sa mutum ya kasa ajiye waya ba?

'Yar Jega: Shi ne dai, Auta. Sinadarin ɗaya ne, tashar da ya sauka ce ke yanke aikin da za a yi. A ƙwaƙwalwarka kwaɗayin abu yake tayarwa, a ƙirjin kyankyaso ruwa yake buɗewa.

Ɗan Kamba: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ƙanwata, kin san ba na raina karatunki, ni na raka ki rajista ranar farko. Amma zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Daminar bara yara biyu muka binne a unguwarmu saboda zazzaɓi. Shinkafa tsutsa na ci, albasa na ruɓewa a rumbu a Aliero. A ce a irin wannan jiha ɗalibi mai ƙwaƙwalwa irin taki ya ƙare shekararsa ta ƙarshe a kan yawun kyankyaso? Wa zai amfana? Wannan binciken mutanen da suka ƙoshi ne.

Anti Nas: Maganar zazzaɓi gaskiya ce. A binciken ƙasa na 2021, kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Kebbi an samu ƙwayar maleriya a jininsu. A wancan binciken ba jihar da ta kai mu. Ni nake ganinsu a gado kullum.

Malamin Kimiyya: Ɗan Kamba, ban ga laifinka ba, wanda ya binne yaro yana da ikon yin wannan tambaya. Amma ka ba ni dama in ba ka labarin mutum ɗaya, don shekara talatin ina koyarwa kuma ba labarin da nake so kamarsa.

Sunansa Michael Berridge. A Afirka aka haife shi, 1938, a garin da yanzu ake kira Kadoma a Zimbabuwe. Ya tafi Kambirij ta Ingila ya yi digirin digirgir a kan ƙwari. Daga baya abin da ya sa a gaba shi ne maɓuɓɓugar yawun wani ƙuda mai shuɗin jiki, ɗan uwan koren ƙudan nan da ke bin nama a mahauta. Tasa ba dunƙule-dunƙule ba ce irin ta kyankyaso, dogon bututu ne siriri, kuma ga abin mamaki: ba jijiya ko ɗaya da ke zuwa wurinta. Amma da ƙudan ya ɗanɗani abinci sai yawu ya zubo. To wa ya kai saƙon? A 1968, yana Amurka lokacin, shi da abokin aikinsa suka nuna cewa serotonin ne ke tayar da ita. A wannan ƙudan cikin jini ake sakinsa, jinin ya kai shi. Maimakon a aiki yaro gida-gida, sanƙira ne ya yi shela.

Yadda yake aunawa kuwa, ya ciro bututun ya sa shi a ɗigon ruwan gishiri ƙarƙashin man farafin, ya jawo bakin waje, ya zauna yana auna girman ɗigon yawun da ke taruwa. Shekaru yana wannan. Tambayarsa ɗaya ce: serotonin a bakin ƙofar ƙwayar halitta yake tsayawa, ba ya shiga, to wa ke karɓar saƙon ya kai cikin gida? Bin wannan sawun ne ya kai shi ga wani sinadari da ake kira IP3. A 1983 shi da abokansa na Kambirij da Farankfot suka tabbatar cewa IP3 ne ke buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar halitta, sinadarin da ke sa ƙwayar ta kama aiki. Da aka duba sai ga shi a jikin mutum ko'ina: a hanta, a hanyoyin jini, a ƙwaƙwalwa, har a ƙwan mace lokacin da ciki ke shiga. Yau ba ɗalibin likitancin da zai fita bai karanta shi ba. An ba Berridge lambar yabo ta Lasker, ta binciken likitanci, a 1989, ya rasu a 2020. Daga yawun ƙudan mahauta. Raina kama ka ga gayya.

Ɗan Kamba: Malam, labarin ya ratsa ni, ban taɓa jinsa ba. Amma ka lura, sai da ya bar Afirka ya je inda ake da kuɗi da kayan aiki. Kuma daga 1968 zuwa 1983 shekara goma sha biyar ce. Mu yaranmu bana suke mutuwa.

Malamin Kimiyya: Wannan kuma ban musa ba.

Likitan Dabbobi: Ku yi haƙuri na shigo a makare, ina rugar Fulani wajen Ka'oje tun safe. Ɗan Kamba, kai da kake sayar da maganin feshi da na dabbobi, ai wannan ilimin yana kan kantarka, ba sai ka je Ingila ba. Maganin wankan shanu mai amitaraz da nake aiko makiyaya su saya wurinka, ka san yadda yake aiki? Ƙwari da kaska suna da wani ɗan aike, oktofamin, wanda ke musu aikin da adirenalin ke mana. Amitaraz tashar oktofamin yake hawa ya yi ta danna ta, kaska ta rikice, ta zare bakinta ta faɗo. Sunan ma daga yawu ya samo asali: wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, shi ya fara gano sinadarin a 1948 a maɓuɓɓugar yawun wata dabbar teku mai hannu takwas da ake kira oktofus.

Ita kaska ba a sa ta a sahun ƙwari na ainihi, ƙafa takwas gare ta, dangin gizo-gizo ce. Amma a maganar yawu ta fi kowa. Takan yi sati a jikin saniya tana sha. Jini yawancinsa ruwa ne, ita kuwa kaurin take so, sai ta tace ta mayar da mafi yawan ruwan cikin saniyar ta hanyar yawu. Wato tana sha tana tofawa a ciki, kwana da kwanaki. Nan cutar fitsarin jini ke shiga. Babbar kaskar nan mai zane a baya kuma yawunta na raunana garkuwar jiki, shi ya sa kirci ke cin garken da ta yi wa yawa. Kuma abin da ke kunna maɓuɓɓugar yawun kaska dofamin ne, wanda ƙanwarmu ke magana a kai. Masu bincike idan suna son tatsar yawunta, dofamin ko wani magani da ake kira filokafin suke ba ta.

Af, tunda na ambata: don Allah ka riƙa gaya wa masu saye kada a wanke doki da amitaraz. Yana tsayar masa da hanji, yana iya kashe shi.

Ɗan Kamba: Wannan na dokin na sani Likita, ina faɗa musu. Na oktofamin ne ban sani ba.

Anti Nas: Tunda an zo kan kantar Ɗan Kamba, bari in faɗi nawa, don abin yana ci mini rai. Lokacin noman rani da ya wuce aka kawo mana wani saurayi da bai wuce sha bakwai ba, a bayan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Feshi ya yi a gonar shinkafa tun safe, tankin yana yoyo a bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf bai cire ba. Abin da na fara gani yawu ne. Yana dalala ta gefen baki har ƙirji, ana sharewa yana dawowa. Gumi kamar an watsa masa ruwa, hawaye, majina, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ƙirjinsa na ƙara kamar ana dafa ruwa. Warin maganin ya cika ɗakin. Mahaifiyarsa na ta cewa a ba shi manja.

Mu mutane ɗan aiken da ke buɗe mana ruwan yawu asetilkolin ne. Idan ya isar da saƙo akwai sinadarin da ke share shi nan take. Fiya-fiya da danginsa wannan mai sharar suke kashewa, sai saƙo ya yi ta maimaituwa ba tsayawa: yawu, gumi, majinar huhu. Mutum a cikin ruwan jikinsa yake nutsewa. Allurar atirofin muka yi ta yi masa, ita tana toshe tashar ne, muna sauraron ƙirji har ya bushe. Ya tashi, alhamdu lillahi. Ba kowa ke tashi ba.

Jama'a, in ya faru: a cire kayan, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, a taho da shi da kwalbar maganin.

Baban Fadama: Innalillahi. Wanga abu ya hwaru ga yaron maƙwabcina, mu munka ɗauka iska ne. Allah shi saka miki, Hajiya.

Ɗan Kamba: Anti, wallahi jikina ya yi sanyi. Ni nake sayar da irin wannan. Daga gobe duk wanda ya saya sai na karanta masa saƙon nan naki.

'Yar Jega: Anti, tambaya. Mu ma muna da 'yan aike biyu kamar kyankyaso ko?

Anti Nas: Muna da su. Asetilkolin na kawo mai ruwa-ruwa da yawa, noradirenalin na kawo ɗan kaɗan mai kauri da furotin. Shi ya sa mai jin tsoro bakinsa ke yin danƙo.

'Yar Jega: Kun gani? Tsari iri ɗaya, ma'aikata daban. A ƙwari asetilkolin yawanci a cikin laka da ƙwaƙwalwa yake aiki, can fiya-fiya ke kama su. Wajen yawu kuwa dofamin da serotonin aka ba aikin. Kuma wannan bambancin shi ne amsata gare ka, Yaya. Maganin da ke kantarka yana kashe ƙwaro yana kashe mai feshi, saboda ɗan aiken da yake taɓawa namu ne mu da su. Idan ana son maganin da zai kama ƙwaro ya bar yaron da Anti ta ba mu labari, dole wani ya zauna ya san tashoshin ƙwaro ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda suka saɓa da namu.

Sannan zazzaɓin da ka ambata, ta ina yake shiga? Sauro ba jini yake zuba maka ba. Macen sauro idan ta soka baki sai ta fara tofa yawu, don a cikinsa akwai sinadaran da ke hana jini daskarewa, ɗaya ana ce masa afires. Ƙaiƙayin da kake ji ma na yawun ne. Ƙwayar maleriya idan sauro ya sha ta, sai ta huda cikinsa ta yi ƙurji a bango, ta hayayyafa dubbai, su fashe su bi jininsa su shige maɓuɓɓugar yawu. A zafi irin namu kwana goma zuwa sati biyu ake yi. Kafin su isa can, ko ya cije ka ba abin da zai sa maka. Wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya ga ƙurjin a 1897, ya kuma bi su har maɓuɓɓugar yawu a 1898 a Kalkata ta Indiya, da maleriyar tsuntsaye. Sammoren da ke zama ciwon barci a mutum shi ma a maɓuɓɓugar yawun tsando yake nuna.

Anti Nas: Rigakafin maleriya na R21 da aka fara yi wa yara a nan Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 ma wannan matakin yake tarewa, wato ƙwayar yadda take fitowa daga yawun sauro kafin ta kai hanta. Iyaye a kai yara, kuma a cika allurai, ba ɗaya ba ce.

Baban Fadama: Ko gyaɗa haka ta. Ina saurayi anka yi shekarar da gyaɗa ta kuturce ƙasa duka, malaman gona sunka ce wasu 'yan ƙwari ne masu tsotson ganye ka kawo ta.

Malamin Kimiyya: 1975 ke nan Alhaji. Kusan hekta 700,000 ta ci a Arewa, kuma a yawun ƙwarin cutar ke tafiya daga tushe zuwa tushe.

Ɗan Kamba: To yanzu kun zo inda nake so. Idan haka ne, me ya hana a nemo maganin da zai kafar da yawun sauro? A bar shi da ransa ma, ya dai kasa tofawa. Shi ma sauron jijiya ke ba shi umarni?

'Yar Jega: An duba a sauron shawara, Aedes aegypti. A 1995 aka nuna cewa maɓuɓɓugar macen tana da zaren jijiya mai serotonin, ta namijin kuwa babu, kuma ka san namiji ba ya shan jini. Da aka ba matan maganin da ke rage serotonin, sai afires ya ragu a yawunsu, suka riƙa daɗewa suna laluben jini, da yawa suka kasa sha.

Ɗan Kamba: Shi ke nan ai! Me ake jira?

Likitan Dabbobi: A'a, a yi a hankali. Na farko, wannan sauron shawara ne, ba Anopheles mai maleriya ba, kuma Malam da ƙanwarmu sun nuna mana ƙuda da kyankyaso ma ba tsarinsu ɗaya ba. Na biyu ya fi damuna. Sauron da ya kasa samun jini ba haƙura yake ya kwanta ba. Zai soka nan, ya zare, ya soka can, a kore shi ya koma kan na kusa. Kowace suka kuma da ɗan tofi. An ma gani a gwaji cewa ita kanta ƙwayar maleriya tana lalata maɓuɓɓugar, afires ya ragu, sauron ya daɗe yana lalube. Wato abin da kake so a yi da magani, cutar ta riga ta yi don amfanin kanta. In ka rage yawu rabi, kana iya mayar da cizon yaro ɗaya ya zama na yara uku a ɗaki guda.

'Yar Jega: Likita, wannan ban kawo shi a raina ba. Amma in an rufe shi gaba ɗaya fa, ba rabi ba?

Likitan Dabbobi: In an rufe duka, na yarda. Sai dai magani a fili ba ya zama yadda aka auna shi a kwalba. Rana ta buge shi, ruwa ya wanke shi, mai shi ya tsinka don ya isa. Ina ganin haka a wankan shanu kullum, shi ya sa kaska ke saba wa magani. Abin da aka shirya ya rufe duka, bayan wata biyu rabi zai riƙa rufewa.

'Yar Jega: To sai a haɗa shi da mai kisa, kamar yadda ake haɗa magani biyu a gidan sauro na yanzu.

Likitan Dabbobi: Wannan magana ce. Rubuta ta a babin ƙarshe na aikinki, ki kuma rubuta tawa kusa da ita.

Ɗan Kamba: Ni dai har yanzu ina nan kan cewa da sauron kika kama kai tsaye da ya fi.

'Yar Jega: Yaya, maɓuɓɓugar sauro ba ta kai kan allura ba. Hannun da bai iya ta kyankyaso ba ba zai iya ta sauro ba. A nan ake koyo.

Autan Zuru: Malam, gaskiya ne wai kyankyaso yana tsinkewar yawu in ya ji ƙanshi?

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne Auta, har koya masa ana yi. A Japan a 2007 an riƙa ba kyankyasai ruwan sukari tare da ƙanshin na'ana'a ko na banila, daga baya ƙanshin kaɗai ya isa yawu ya zubo. Irin gwajin da Pavlov na Rasha ya yi da karnuka. Ka ga umarnin ba daga baki kaɗai yake tasowa ba, har da abin da ƙwaƙwalwa ta tuna.

Uwar Biyu: Sannunku da ilimi. Ni tun ɗazu ina karantawa ina suyar fara, sai yanzu na samu hannu. Ɗiyata, shekara goma sha ina wannan sana'a. In ka kama fara da rai tana zubo wani baƙin ruwa a hannu, kamar na mai cin taba, har yatsu su rine. Shi ne yawun da kuke magana?

'Yar Jega: Sannu da aiki Inna. A'a, wannan amai ne, daga maƙoƙonta take dawo da shi don ta ɓata wa mai kama ta rai. Yawun ainihi fari ne garai. Amma kin taɓo inda nake so, don fara ta fi kyankyaso sauƙin karantawa. A ƙullin ƙarƙashin maƙoshinta, kowane gefe, ƙwayoyin jijiya manya biyu ne rak ke zuwa maɓuɓɓugar, masana na ce musu SN1 da SN2. Ta farko dofamin take ɗauke da shi, ta biyu serotonin. An sa musu waya an saurara: da fara ta fara cin ganye sai harbinsu ya ƙaru. Ƙwaya biyu, Inna, su ke riƙe da yawun farar da ke cinye gonar gero.

Malamin Kimiyya: Kuma serotonin ɗin nan dai shi ke mayar da farar hamada mai zaman kaɗaici ta zama ta gayya. In suka cunkushe suna gugar ƙafafun baya na juna, cikin awa biyu zuwa uku sai ya ninka kusan sau uku a lakar ƙirjinsu, su fara neman junansu. A 2009 masana na Oksfod da Kambirij suka nuna haka. Waɗanda suka ga farar 2004 da ta auka wa Nijar da Mali sun san abin da nake nufi.

Baban Fadama: Mun gani. Allah shi kiyashe mu da irinta.

'Yar Jega: Amin Baba. Inna, roƙo nake. Malamina ya ce in na samu fara mai rai in gwada ta kusa da kyankyaso. Wurin masu kawo miki ana samun wadda ba a zuba wa ruwan zafi ba?

Uwar Biyu: Wadda ake kawowa daga Nijar a buhu busasshiya ce. Amma akwai yaran da ke kama mini da fitila da asuba, lokacin sanyi ya hana ta tashi. Guda nawa?

'Yar Jega: Ashirin sun isa, manya. A sa su a kwando mai rufi da ɗanyen ganye, kada a sa a leda. Kuma don Allah ba daga gonar da aka yi wa feshi ba.

Ɗan Kamba: Ranar Juma'a zan shigo Jega ɗaukar kaya. Inna, a ajiye mini kwandon in biyo in karɓa. Ƙanwata, in na kawo sai kin nuna mini jijiyar nan da idona.

'Yar Jega: Ka zo kafin azahar Yaya, ka taho da ƙanƙara.